Shafin Da Mu'tasim Ya Kasa Wucewa

"Wa ya ce ki taɓa min wannan wajen, Nahla?"

Ta ɗago daga kan kwamfutarta. Tun da suka fara aiki tare a ɗan ofishinsu na Jimeta, Mu'tasim bai taɓa yi mata tsawa ba. Yau ga shi tsaye a kanta, waya a hannunsa.

"Gyara na yi, Yaa Mu'tasim..."

"Ban ce ki gyara ba!"

Manhajar waya suke ginawa domin mutanen da rikicin 'yan tada ƙayar baya ya raba da danginsu. Shafuka uku ne da ita. A na farko ka sa sunan wanda kake nema, a na biyu ka faɗi inda kuka rabu, a na uku ka ɗauki muryarka kana kiransa. Kowane shafi yana miƙa wa na gabansa abin da aka ba shi. Matsalar ita ce, da zarar kira ya shigo ko caji ya ƙare, komai sai ya goge. Nahla ta ga wata tsohuwa ta maimaita labarin ɗanta har kuka ya ci ƙarfinta, shi ya sa ta sa manhajar ta riƙa adana bayanan kowane shafi a cikin wayar kafin a wuce gaba.

Ya juyo mata da fuskar wayarsa.

*Ka tsaya a shafi na biyu. Wadda kake nema: Adawiyya. Za ka ci gaba?*

"Wace ce Adawiyya?" ta tambaya a hankali, ɗan kishi na taso mata duk da halin da ake ciki.

"Innata ce."

Ta janye hannunta daga kan kwamfutar.

Ya zauna a bakin tebur, muryarsa ta dawo ƙasa. "Kullum da safe ina rubuta sunanta. In na zo inda ake tambayar wajen da muka rabu, sai in rufe. Manhajar ta manta, ni ma in yi kamar na manta. Yau kuma kin sa ta tuna."

Ashe dai gwanin da ya koya mata aikin nan ba kasa gyaran ya yi ba. Ɓoyewa yake yi a bayansa.

Yana saurayi ɗanye ya baro Mubi a ƙafa, shekarar da garin ya watse. A hanya hannun innarsa ya suɓuce daga nasa. Tun daga ranar bai san ko tana raye ba, kuma tsoron jin amsar ya fi masa rashin sanin ciwo.

"Masoyina," ta ce, idanunta sun cika, "ka san abin da Baffa ya ce."

Ya sani. Mahaifinta, ɗan kasuwar yadi a Jimeta, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda babu mutum ko ɗaya da zai tsaya ya ce ya san asalinsa ba. Ga Sadiƙ, ɗan maƙwabtansu da ta ƙi tun tuni, yana bin majalisa yana cewa wa ya san inda yaron nan ya zauna kafin ya shigo gari, wa ya san ko da su aka yi ɓarnar.

"In aka ce min ta rasu fa?"

"Sai mu yi kukan tare."

"In kuma babu wanda ya amsa?"

"Ni dai ina nan... amma Baffa ba zai jira har abada ba."

Ya miƙe ya fita.

Da yamma ta same shi a bakin Binuwai, inda suka saba zama. Rana ta yi ja a kan ruwa, masunta suna turo kwale-kwale a hankali kamar masu jin barci. Sau da yawa a nan take mafarkin gidansu, ɗan ƙarami mai bishiyar mangwaro, da wata dattijuwa a tsakar gida wadda ba ta taɓa iya hango fuskarta ba.

Ta zauna nesa kaɗan. Ya miƙo mata wayar.

"Riƙe min. Hannuna ba zai iya ba."

Ta danna *ci gaba*. Ya faɗi sunan ƙauyen da suka rabu, sunan mahaifiyarsa ya bi su zuwa shafi na uku bai ɓace ba. Sai ga kira ya shigo wayar, Baffa ne yake neman 'yarsa bayan ya kasa samun ta a tata wayar. Nahla ta amsa, ta ce tana hanya. Da ta kashe, Mu'tasim ya leƙa da sauri, kamar mai fatan komai ya goge.

Komai na nan.

Ya yi dariya, hawaye na zuba. "Ke dai muguwa ce, hasken idona."

"Yi magana, tana jira."

Ya rufe ido. "Inna... Lado ne. Ladonki. Ina Jimeta. Ban saki hannunki da gangan ba."

Ranar ce Nahla ta fara jin sunansa na gida.

Gabriel, abokin aikinsu, shi ke yawo kasuwannin ƙauye da lasifika a bayan babur yana kunna saƙonnin. Makonni suka shuɗe shiru. Nahla ta rame, Baffa ya daina amsa gaisuwar Mu'tasim, Sadiƙ kuwa har sabon ɗinki ya fara sawa.

Wata safiya wayarta ta yi ƙara.

"Nahla, abeg, ina oga?" Gabriel na haki, yana magana da gurguwar Hausarsa. "Ina Ngurore. Wani baba, Bappayo, ya riƙe babur ɗina, ya ce ba zan tafi ba. Ya ce wannan murya yaron ɗan'uwansa ne!"

"Ita fa? Gabriel, ita fa?"

"Mama yana nan! Yana kuka, ya ce in sake kunnawa, in sake kunnawa..."

Ngurore! Duk shekarun nan tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba.

Nan take ita da Mu'tasim suka hau motar haya. Nahla na kallon gonakin masara suna wucewa, tana jin kamar in ta ƙifta ido za ta farka.

Dattijuwar na tsaye a ƙofar gida, ƙarama, idanunta sun dushe. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa.

"Lado... bingel am, ɗana. Ni ce na sake ka, ba kai ba."

Ya durƙushe a ƙafafunta yana kuka kamar yaro.

Ranar Juma'a Bappayo ya sa babbar riga, ya ɗauki goro, ya yi sallama a ƙofar Baffa. Ya jero kakannin Mu'tasim har Baffa ya ɗaga hannu yana murmushi. "Ya isa haka, malam. Na ba shi."

A cikin gida, Inna Adawiyya ta riƙo hannun Nahla ta ƙi saki.

"Ke ce kika sa wayar ta tuna da ni?"

Nahla ta sunkuyar da kai. "Shi ne kullum yake rubuta sunanki, Inna. Ni hana shi gogewa kawai na yi."