Kunkuru ɗan Rukuni na Uku

A ƙarshen wani tseren dogon zango Corwin ya fara ganin Delia, wata Asabar cikin Oktoba, a Wisconsin. Na goma sha huɗu ya zo, ya zube kan ciyawa yana haki, sai ga wata doguwa ta miƙo masa ruwa.

"Sannu, Kunkuru. Ai mun zaci sai gobe."

Dariya ta sa ya ƙware. Shi ke nan fa, suna ya bi shi, shi kuma ya raɗa mata Barewa.

Kwalejinsu a rukuni na uku take, inda ba a ɗauke wa kowa nauyin karatu don ya iya gudu, sha'awa ce kawai. Rukuni na ɗaya kuwa na manyan jami'o'i ne. Can ake nuna ka a talabijin, a biya maka makaranta, amma ƙafarka ta zama tasu. Can Anders, yayan Delia, ya tafi shekara shida da suka wuce. Ya ɓoye ciwon ƙirji don kada a cire shi daga tawaga, ya yanke jiki ya faɗi wurin atisaye, bai sake tashi ba.

Ranar da Corwin ya fara zuwa gidansu, da gudu ya zo. Mahaifinta, Mista Brandvold, yana tsaye a taga, sai kofin hannunsa ya suɓuce. Yadda yaron ke karkata kafaɗar hagu, gudun Anders ne sak.

Cikin shekara biyu Kunkuru ya zama ba mai shan gabansa a yankin. Wata safiya Delia ta ga sunansa a jerin masu neman sauya makaranta. Ta rubuta masa saƙo:

"Ashe a waya zan gani kamar kowa? Allah ya ba da sa'a."

"Barewata, wallahi ba haka ba ne. Kocin babbar jami'a ba shi da ikon yi min magana sai sunana na jerin. So nake in ji, ko sau ɗaya, an ce na isa."

Da mahaifinta ya ji labari, cewa ya yi, "Gawa ɗaya ta ishe ni. Mai bin hanyar nan ba zai auri 'yata ba."

Kocin ya kira, ya yi tayin komai da komai. Bayan kwana uku Corwin ya sami dattijon a gareji.

"Yallaɓai, Delia na zo nema."

Mista Brandvold ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ana jibi Anders zai rasu ya kira ni," in ji shi. "Ya ce, Baba, ƙirjina ya yi nauyi. Na ce ya daure, 'yan rukuni na ɗaya ba sa raki. Ni na faɗa masa. Ko uwarsu ba ta sani ba."

Corwin ya sunkuyar da kai.

"Na janye sunana tun safe. Sun ce na isa, na ji. A nan in na gaji, ina iya cewa na gaji."

Kada ku zaci bai ji ciwo ba. A mota ya yi kukansa, Delia na riƙe da hannunsa tana cewa, "Yi haƙuri, Kunkuruna."

Bayan sun gama karatu aka ɗaura auren a cocin garinsu. Da uban ya rako ta gaba, maimakon ya miƙa hannunta, sai ya ɗora tafinsa a ƙirjin ango. Ya tsaya haka yana jin bugun, har fasto ya fara gyaran murya.

"Lafiya lau yake bugawa," ya ce, hawaye na zuba. "In ya taɓa yi maka nauyi, ɗana, ka kira ni. Allah ya ba ku tsawon rai."