Nauyin Ɗan Fari

"Ranar Laraba zan bi motar Gozaki," in ji Liatu, tana ɗaure ƙunshin kayanta na komawa garinsu. "Ni da Rahab."

Bitrus bai ɗago ba. Ya ci gaba da goge kekensa.

Tun da ƙyanda ta ɗauke musu Sulemanu, ɗansu na fari, mijinta ya koma haka. Ya je aiki injin gurzar auduga na Funtuwa, ya dawo, ya ci tuwo, ya juya wa bango fuska. Ko ɗigon hawaye. Da ma can kunyar ɗan fari ta hana shi ɗaukar yaron ko kiran sunansa, sai dai "wancan yaron". Yanzu jaririyarsu Rahab ma ya daina kallonta. Liatu na iya haƙuri da komai, amma ba za ta raini 'yarta a gidan da in ta miƙa hannu uba zai kau da kai ba.

Sallama ta shiga yi wa maƙwabciyarta Ebele, matar Romanus mai kantin kayan keke, ta tarar sun kunna bidiyonsu. Sai ga fuskar da ta sani, ɗan wasan Indiyan nan da samari ke kira Mai Tabon Gira. Lokacin da Bitrus ke zuwa zance Gozaki, labarin finafinansa yake ba ta, har da kwaikwayon tafiyarsa, sai innarta ta aiko a kira ta.

Don fuskar kawai ta zauna. Ba ta jin Indiyanci, ba ta kuma nemi fassara ba. A fim ɗin ruwa ya ci ɗan mutumin, ya rungumo gawar ya ratsa kasuwa yana ƙwala kiran sunansa, bai ji kunyar kowa ba. Liatu ta yi kuka har goyonta ya farka. Ta roƙi Ebele kada a mayar da kaset ɗin sai bayan Lahadi.

"Maigida, mutuminka ya yi wani fim," ta ce masa da ya dawo aiki. "Kullum kai ke ba ni labari. Wannan ni na fara gani. Ka kalla... sannan ka sa ni a mota."

Bayan an tashi coci ya biyo ta gidan su Ebele, ba don ya so ba. Romanus ya tsokane shi, wai yau madam ce ta kawo oga silima, Ebele ta harare shi.

Da fim ɗin ya zo wurin kasuwar, Bitrus ya miƙe ya fita.

Liatu ta ɗauka shi ke nan, ta ƙara ɓata lamarin. A bakin rijiyar gidansu ta same shi durƙushe, kafaɗunsa na rawa.

"Liatu..." in ji shi. "Sulemanu... yana da nauyi?"

Ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ta sunkuya ta kwance majanyi, ta zaro Rahab daga bayanta, ta ɗora masa a hannu.

"Ya ɗan fi wannan," ta ce. "Tallabi kanta da kyau, masoyina."