Saurayin da Ke Tsoron Buga Tabarma

A wani gari can, an yi wani saurayi mai koyon kokawar jiyu-jitsu. A wannan kokawa, idan an shaƙe ka, sai ka bugi tabarma sau uku, alamar ka sallama, a sake ka. Shi kuwa ba abin da yake tsoro kamar buga tabarma. Kullum sai ya zaɓi ƙanana ya kayar. Kullum yana kayarwa, kullum ba ya ƙaruwa.

Ana saura kwana bakwai gasa, malaminsu ya ce masa, "Yau da babban yayanku a kokawa za ka kama."

Saurayin ya fito, suka kama. Kafin ya ankara, an shaƙe shi, kowa na kallo. Ya ce a ransa, "In na buga, dariya za su yi mini." Numfashinsa ya fara ɗaukewa, idonsa ya yi ja. Sai ya buga: ɗaya, biyu, uku.

Ba wanda ya yi dariya.

Da aka sake shi, ya ce, "Yaya, ta ina ka kama ni?"

"Wuyanka kake bari a buɗe. Shekara guda ke nan ina gani, amma ba ka taɓa zuwa kusa da ni ba."

Saurayin ya shafa wuyansa. Saura kwana bakwai. Ya ce, "Yaya, mu sake."