Takalmin Amarya Ya Matse

"Wurin wa kike kai takalmanki?"

Amarya ta tsayar da keken ɗinkinta. Mijinta na tsaye a bakin ƙofa, ido ja wur. Mutumin da gyaran takalmi ne sana'arsa, a ce matarsa na kai nata wurin wani baduku a bayan kasuwa! Ƙanwarsa ce ta kawo masa labarin da zafinsa, har da ƙarin gishiri, wai ta ga baduku durƙushe riƙe da ƙafar Amarya. Ita kuwa wannan ƙanwa, da ma ƙawarta ta so ya aura.

"Nawan, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba! Ni ban iya ba ne?"

 Sai ta janye zanen da ya rufe ƙafafunta.

Sun kumbura suntum. Ya durƙusa ya danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ɗago ya dubi fuskarta, ita ma a kumbure, abin da ya ɗauka ƙibar juna biyu ce.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Wurin badukun nake kai takalman a buɗa min su, don kada ka gane. Kaina kamar ana sara. Ɗazu allura biyu nake gani..."

"Awon fa?"

"Tun da aka ce tagwaye ne na tsorata, ban koma ba." Hawaye suka zubo mata. "Haka mahaifiyata ta yi da cikina. Kumburi, ciwon kai, sai jijjiga ranar haihuwa. Ban san fuskarta ba, Nawan. Kuma ka san abin da Innarka ta faɗa lokacin aurenmu, wai na kusa arba'in, wai danginmu ba sa tashi daga gadon haihuwa. In ta ji..."

"Ta ji mana! Duniya ma ta ji! Ke nake so a raye, Tawan."

Bai jira ta nemi mayafi ba, ya ciro nata daga ƙusa ya yafa mata, ya ɗauke ta cak. Matan layi duk suka leƙo, wasu har da tsintsiya a hannu.

A asibiti ungozoma ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta kalla, ta sake kallo.

"Baiwar Allah, jininki ya hau sosai. Cikin fari, ga tagwaye, ga shekaru sun ja, ga uwa ta yi jijjiga, shi ne kika zauna a gida? Ai irinku muke son gani tun ciki na ƙarami. Gado za mu ba ki."

Da la'asar sai ga Inna. Amarya ta juya fuska bango.

"Matsa can," Inna ta ce wa ɗanta. Ta zauna a bakin gado ta kama hannun surukarta. "Juyo, 'yar nan. Na faɗa, ban musa ba. Tsoro ne ya sa ni, ba fata ba. Ki ƙaryata ni, kin ji? Ki daure ki ƙaryata ni."

Jinin bai sauka ba duk da magani. Likita ya ce ba za a jira wata ya cika ba, aiki za a yi.

Da Amarya ta farka, Inna ta fara gani.

"Mata biyu, 'yan mitsi-mitsi, suna cikin kwalba. Amma baki kamar na gwaggonsu, lafiyarsu ƙalau!"

Shi kuwa gogan yana raɓe a jikin labule. Ya matso ya kifa goshinsa a tafin hannunta.

"Nawan... kuka kake?"

"A'a. Warin maganin asibiti ne."

"Ƙarya yake," in ji Inna. "Tun safe yake abu ɗaya. Har masu shara sun gaji da ba shi haƙuri."