Taswirar da Aka Ɓoye a Gaban Lagireto

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ke zaune da iyayenta a Na'ibawa. Mahaifiyarta, Uwani, abincin sayarwa take dafawa. Mahaifinta, Malam Idi, shi ke kai abincin wani kamfanin jima a Challawa, cikin tsohuwar motarsa. Ƙarfe ɗaya ma'aikatan ke fitowa hutu, kuma rabin awa kacal ake ba su. Wanda bai ci ba a lokacin, da yunwa zai yi aiki har yamma.

Wata Juma'a, malamarsu ta dawo musu da aikin taswira da suka zana a babban kwali. Yarinyar a gurguje ta yi nata, don haka uku ta ci cikin goma. A ƙasa Malama ta rubuta da jan biro: "Iyaye su sa hannu."

Ta naɗe kwalin, ta tura can ƙasan jaka, ba ta gaya wa kowa ba.

Asabar da safe Umma ta ce, "Kawo jakar makarantarki in haɗa da wanki."

Yarinyar ta yi sauri ta ɗauko jakar. Ta zaro kwalin ta fita ƙofar gida tana neman maɓoya. Ta tarar Baba ya buɗe bonet, ya zuba wa mota ruwa, ya koma ciki mayar da buta. Ta hango wani ɗan lungu tsakanin ragar gaban mota da lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji. Nan ta zura kwalin, ya shige tsaf kamar don shi aka yi wurin.

"Ranar Litinin na ɗauke abina," ta ce a ranta.

Da sha biyu ta yi, aka loda kuloli huɗu na shinkafa da wake da miya. Yau babu makaranta, sai ta bi Baba don ta taya shi miƙa kwanuka.

Rana ta take. A hanyar Challawa suka shiga bayan tireloli, ana tafiya kamar ba a yi. Can sai Baba ya dubi allurar da ke nuna zafin inji. Ta kai ja. Tururi ya fara fitowa ta gefen bonet.

"Subhanallahi," in ji Baba. Ya gangara gefen titi, ya kashe mota.

"Baba, a buɗe murfin a ƙara ruwa mana."

"Kul. Ba a taɓa murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan ciki tafasa yake, zai watso miki a fuska. Sai ya huce."

Ya ɗaga bonet, suka tsaya jira. Ƙarfe ɗaya saura kwata. Baba yana duba agogo, yana duba kuloli.

Da injin ya huce, ya sa tsumma ya murɗa murfin a hankali. Ruwa ya ɗan ragu, ya cika shi daga galan. Ya matsa tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fashe. Ya leƙa ƙasa, babu ɗigo. Ya taɓa bel, yana nan daram. Ya tayar da mota, fanka na juyawa.

"To me ke damunki, Hajiya?" ya tambayi motar, don haka yake kiranta. "Ruwa na ba ki, fanka na yi miki fifita. Me kuma kike so?"

Yarinyar ba ta yi dariya ba.

"Baba, me ke sanyaya ruwan?"

"Iska. Ta ragar nan take shiga, ta bi ta lagireto, ta kwashe zafin. In iska ba ta shiga ba, ruwa ya tafasa."

Nan take ta gane.

Baba ya kashe motar, ya share gumi. "Ba zan ƙara motsa ta ba ban san cutarta ba, kar inji ya ƙone. Bari in kira makanike. Kafin ya zo an koma aiki. Bayin Allah arba'in, yau ba su da abincin rana. Wahalar Ummanki tun asuba ta tashi a banza."

Ta tuna Umma tsugune gaban murhu, hayaƙi na sa ta hawaye. Ta dubi wayar da ke hannun Baba.

"Baba, kar ku kira shi. Ni ce."

"Ke ce me?"

Ta nuna lungun da yatsa. Baba ya zura hannu, ya jawo kwalin. Ya yi ɗumi, gefensa ya yi ruwan ƙasa. Ya warware, ya ga taswira, ya ga jan biro.

"Shiga mota," ya ce. "Maganarmu sai an ci abinci."

Wannan karon allura ba ta motsa daga tsakiya ba. Ƙarfe ɗaya da minti goma sha takwas suka isa. Ma'aikata na zaune a gindin katanga, kowa ya zuba wa hanya ido.

"Malam Idi, mun zaci azumi ka ɗora mana," in ji wani dattijo.

"Hajiya ce ta yi zazzaɓi, amma ta samu likita," in ji Baba.

Yarinyar ta yi ta miƙa kwanuka da gudu. Kowa ya samu, ko da yake a tsaye wasu suka ƙarasa ci.

Da aka watse, Baba ya shimfiɗa kwalin a kan bonet.

"Da jiya kika nuna min wannan, me zan yi?"

"Faɗa."

"Na minti nawa?"

"Kamar biyar."

"To yau fa? Kin kusa kashe inji, kin kusa hana mutum arba'in abinci. Uku cikin goma ba abin kunya ba ne sosai, ana gyara shi. Ɓoyewar ce ta jawo duk wannan. Amma na ji daɗi da kika faɗa da bakinki."

"Ku yi haƙuri, Baba."

Ya sa hannu a ƙasan jan biron. "Haka za ki kai wa Malama, da ƙunarsa. Ke za ki yi mata bayani. Ummanki ma ke za ki gaya mata."

Ta yi duka biyun, kuma ba su yi wuyar da ta zata ba. Malama ta ba ta dama ta sake zanawa. Baba ya taya ta, ta ci takwas. Wannan kwalin a bangon ɗaki aka manna shi.

Tun daga ranar, in ta yi kuskure, da wuri take faɗa. Ta gane cewa ƙaramin laifi in an ɓoye shi girma yake yi, har ya cuci waɗanda ba ruwansu. In kuwa an faɗe shi, gyara yake samu.