Hannun da Ke Tsallakar da Baƙi

Ranar da Maini ta fara yi wa Afrizal kallon tsanaki, yana rataye ne a gefen gadar saiwa ta ƙauyen Bayang, yana kitsa sabbin saiwoyin ceɗiya cikin tsofaffi, kogi na gudu a ƙarƙashinsa. Tana tafe da farantin soyayyiyar ayaba a ka. Ya hauro ya miƙa mata hannu, kamar yadda yake yi wa duk baƙon da lilon gadar ya tsorata.

"Riƙe kayanka, Uda," in ji ta, yadda muke kiran namijin da ya girme mu. "Tun ina shekara biyar nake haye gadar nan."

Ya yi dariya, ya sayi ayaba, ya tafi da lambar wayarta. Kafin wata biyu ya koma kiranta Diak, sunan da samarinmu ke ajiye wa wadda ta shiga rai.

Sai dai hannun nan da ta ƙi karɓa shi ya zame mata ciwo. Teburinta na bakin gada, don haka komai a kan idonta ake yi. Duk Lahadi motoci na sauke 'yanmatan birni, su ɗauki hoto, su yi ihun ƙarya, Afrizal ya tsallakar da su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi ci mata rai ita ce Delvia, 'yar mai gidan abinci a birnin Padang. Sau biyar tana zuwa, sau biyar tana tsoro. Har wanka ta yi a ƙarƙashin gadar, wanda tsofaffi ke cewa yana kawo miji.

Maini ta tura masa saƙo: "Gaishe ka, mai hannun jama'a. Ta iya iyo a kogi amma ba ta iya tafiya a gada ba?"

Ya amsa: "Aiki ne, Diak. Wadda nake so ta riƙe ai ta ce in riƙe kayana."

Ta karanta sau uku, ta yi murmushi, sannan ta tuna fushi take yi.

A wajenmu dangin mace ke zuwa neman miji, kuma kawu, ɗan'uwan uwa, shi ke jan gaba. Kawu Bahar, kawun Maini, kuwa ya ce allambaran. Namijin da bai taɓa fita neman arziki ba, ko Padang bai kwana ba, ai bai nuna ba tukuna. Wai yaushe kitson saiwa ya zama sana'a, aikin da sai an shekara ashirin a ga amfaninsa?

Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi, dangin Delvia suka sauka da tiren tagulla cike da ganyen siri da muke taunawa kamar goro, irin wanda ake kaiwa gidan saurayi neman aure. Ta gaban teburin Maini suka wuce. Wata gwaggo a cikinsu har ta tsaya ta sayi ayaba, ta tambaye ta ina ne gidan su Afrizal. Maini ta nuna mata. Ranar ayaba biyu kawai ta soya ba su ƙone ba.

Kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. A ranta ta riga ta aurar da shi, ta ga Delvia na zuba masa abinci. Sai ga saƙo:

"Diak, na faɗa wa Amak, mahaifiyata, ke nake so. Ta ce ita ba ta ga tirenku ba, na wasu ta gani, kuma ranar Lahadi za ta ba su amsa. Kin san ba ni da ƙafar zuwa gidanku neman aure. Ina jiranki."

Washegari da safe ta wanke tiren tagullar mahaifiyarta, ta jera ganye, ta dire shi gaban kawunta yana shan kofi.

"Kawu, ko ka ɗauka, ko ni in ɗauka da kaina in haye, gari duka na kallo."

Ya ce ba ta da kunya. Ta ce kunyar ta ƙare tun Laraba. Ya dubi ƙanwarsa, uwar Maini, ya ga har ta ɗaura gyalen fita. Ya miƙe yana mita, wai zai je ne kawai don kada a ce gidansu ba maza.

Abin da kowa ya sani amma ba a faɗa shi ne, Kawu Bahar ya shekara goma bai taka gadar nan ba, tun da jiki ya ƙaru. Suna kai tsakiya gadar ta yi lilo, ya tsaya cak, tire na kaɗawa, gumi na zuba. Afrizal ya taho a hankali ya miƙa hannu.

"Taka nan, Kawu. Wannan saiwar ni na kitsa ta ina shekara goma sha uku. Za ta ɗauke ka."

Kawu ya dubi saiwar, kaurinta ya kai cinyarsa. Ya taka, ta ɗauke shi. Har suka isa tsallake bai saki hannun yaron ba, a haka suka shiga gidan. Maini na bayansu, kuma karon farko ke nan da ta ga wani ya riƙe hannun nan ba ta ji zafi ba.

Amak ta karɓi tiren, ta tauna ganyen, alamar ta amince. Aka mayar wa mutanen Padang nasu da ban haƙuri.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Dangin amarya suka haye gadar da ganguna suka ɗauko ango, Kawu Bahar a gaba, yana gaya wa kowa surukinsa ne ya kitsa inda suke takawa. Aka sa musu albarka, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari.

Ranar da Afrizal zai koma aiki, Maini ta tare shi a ƙofa da sandar gora mai santsi, kamu biyu.

"Ta mece ce, Diak?"

"Masu tsoro su riƙe wancan bakin," ta ce, ta kama hannunsa ta damƙe. "Wannan an kai masa tire."