Barkonon da Ya Aurar da Iyatu

Ni na fara gani, tun kafin Bature ya gani. Sa'o'ina duk suna ƙarƙashin ƙasa, ni kaɗai na rage, don haka ku saurara.

Shekarar da ruɓa ta faɗa wa barkonon Safana, zamanin Turawa, Gambo ɗan Darini ya tarar da Iyatu tsugune a fadamar ubanta Gagare, tana tumɓuke matattun dashe tana hawaye.

"Sannu da aiki, 'yar fara. Barkonon ne ya shigar miki ido?"

"Ina barkonon yake, Na-Darini? Duk saiwar ta yi baƙi."

Tun daga ranar ƙafarsa ba ta huta da zuwa wurinta ba.

Gambo yana da abin da ya koya wurin tsohuwarsa. Ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture akwai ƙasa mai koriyar fumfuna. In ka zuba ta a gindin dashe, ita ke cinye baƙar fumfunar da ke kashe saiwa. Ya ciko ƙwarya ya kai wa Gagare, ya durƙusa.

"Baba, a gwada ko kunya ɗaya ce."

"Kai, jiya-jiya kakanka ya bar tsafi! Shi ne za ka kawo min ƙasar kushewa, sannan ka nemi ɗiyata?"

Armaya'u mahauci, wanda shi ma Iyatu yake so, ya ruga gidan mai gari ya ce asiri ne aka kawo don a ƙarasa gonakin mutane. Bulala goma sha biyu aka yi wa Gambo a bainar jama'a. Bai yi kuka ba. Abin da ya ƙona masa rai, ya duba ko'ina bai ga Iyatu ba.

Sai da aka yi wata biyu suka haɗu a bakin rijiya.

"Har ke kin yarda da su," in ji shi.

"Na-Darini, lokacin da ake dukanka ina bayan danga ina kwashe ƙasar da Baba ya watsar, a bakin zanena. Zo ka ga gayaunata."

Fadama duk ta ƙone, amma 'yar gonar Iyatu ta yi ja wur. Gambo ya tsaya yana kallo.

"Hasken idona," kawai ya iya cewa.

Gagare bai ba da haƙuri ba, har ya koma ga Allah. A shekarar ma, da Baturen gona ya zo da tafinta ganin gonar Iyatu, buɗar bakin tsohon sai ya ce dabarar kakanninsa ce. Bature ya rubuta sunan Gagare. Gambo yana tsaye a gefe riƙe da linzamin dokin baƙo, bayansa bai gama warkewa ba.

"Ƙyale su da takardar," Iyatu ta raɗa masa. "Baba ba shi da bakin hana ka yanzu."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Allah Ya yi musu albarka da 'ya'ya bakwai, Ya jiƙansu su biyun.

Mai musu ya same ni a kasuwar Batsari, ya dubi tsabar idona ya ce ƙarya nake. Da sandar nan zan ba shi amsa.